Bazil Dabidson: ɗan jaridar da ya bi sawun tarihin Afirka

Mai karatu, in wani ya zo garinku ya ce kakanninka ba su taɓa gina komi ba, ba su taɓa ƙera komi ba, ba su da wani labari da ya isa a faɗi, mi za ka ce masa? Lalle ranka zai ɓaci. To, ka sani an daɗe ana faɗin wannan magana a kan baƙar fata baki ɗaya. An rubuta ta cikin littattafai, an koya wa yara ita cikin lekol. Ko a shekarar 1963, lokacin da ƙasarmu ta riga ta yi shekara 3 da samun mulkin kai, wani babban malamin tarihi na jami'ar Okisfod, a Ingila, ya faɗi a bainar jama'a cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, sai dai tarihin Turawan da suka shigo ta. Saura kuwa, in ji shi, duhu ne.

Maganar ba ta banza ba ce, da amfaninta ga masu yin ta. Wanda aka ce ba shi da jiya, da sauƙi a ce masa bai iya riƙon gobe ba. Da wannan hujja aka riƙa kare mulkin mallaka.

Mutane da yawa sun tashi sun ƙaryata zancen. Yau za mu ba ka labarin ɗaya daga cikinsu. Bature ne, ɗan Ingila, sunansa Bazil Dabidson. Ya fara da aikin jarida, ya koma rubuta tarihi, ya ƙare da nuna tarihin cikin sinima.

Daga tallar ayaba zuwa gidan jarida

An haifi Dabidson ran 9 ga watan Nuwamba 1914, a garin Biristol, bakin teku. Bai yi karatu mai zurfi ba. Yana da shekara 16 ya bar lekol, bai kuma shiga jami'a ba. Aikin da ya samu da farko, liƙa takardun tallar ayaba ne jikin kantuna. Amma tun lokacin ransa na ga rubutu. Ya yi ta neman hanya, daga wannan ƙaramar jarida zuwa waccan, har a 1938 wata babbar jarida mai suna The Economist ta ɗauke shi, ta aika shi birnin Pari ya riƙa aiko mata labari.

Mu tsaya kaɗan a kan aikin ɗan jarida, don shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ɗan jarida na ƙwarai ba ya zama inuwa ya rubuta jita-jita. Tashi yake ya je wurin da abu ya faru. Ya duba da idonsa. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, ya auna maganarsu. Sa'an nan ya rubuta da harshe mai sauƙi, yadda mai kanti da direba za su gane. Waɗannan halaye uku, wato zuwa da kai, da tambaya, da sauƙin magana, su ne jarin Dabidson har tsufansa.

Abin da yaƙi ya koya masa

A 1939 babban yaƙin duniya na biyu ya tashi. Gwamnatin Ingila ta sa shi aikin asiri, ta aika shi ƙasar Hangari da sunan yana aikin labarai. A 1941 ya gudu zuwa Yugosilabiya, sojan Italiya suka kama shi, daga baya aka yi musayar fursuna aka sake shi.

Cikin watan Agusta 1943 aka sako shi da laima daga jirgin sama, ya sauka cikin duwatsun Yugosilabiya. A can akwai mayaƙan daji da ke faɗa da sojan Jamus ƙarƙashin jagorancin Tito. Yawancinsu talakawa ne, manoma da makiyaya. Ya zauna da su fiye da shekara guda. Ya ci abin da suke ci, ya kwana inda suke kwana, ya sha yunwa da sanyi tare da su. A farkon 1945 aka sake aika shi wajen mayaƙan daji na arewacin Italiya, yana nan har sojan Jamus da ke birnin Jenowa suka ba da kai cikin watan Afrilu. Ya gama yaƙi yana babban hafsa, da lambar jarumta a ƙirji.

Abin da ya fi lambar amfani, shi ne abin da idonsa ya gani. Ya ga mutanen ƙauye waɗanda manyan birni ke rena wa wayo sun shirya kansu, sun tsai da shugabanninsu, sun kori mai ƙarfi daga ƙasarsu. Daga nan bai sake yarda a ce masa talaka bai san komi ba.

Ya juya fuska wajen Afirka

Bayan yaƙi ya koma aikinsa. Ya yi wa jaridar The Times aiki daga 1945 zuwa 1949, sa'an nan ya bi wasu jaridu. Amma zaman da ya yi da mayaƙan Tito ya jawo masa zargi. Hukumar ƙasarsa ta riƙa kallonsa kamar mai goyon bayan ƴan gurguzu. Har an ba shi aiki a UNESCO, gwamnatin Ingila ta hana.

A farkon shekarun 1950 ya taka ƙasar Afirka ta Kudu. A can, tun 1948, Turawa ƴan tsiraru sun kafa dokar wariyar launin fata. Baƙi ba ya zama unguwar da ya so. Ba ya yawo sai da takardar izini. Gonaki masu kyau kusan duka na hannun farare. Dabidson ya zaga, ya tambaya, ya rubuta littafi a 1952. Gaskiya ɗaci gare ta: sai aka hana shi sake shiga ƙasar.

Bai daddara ba. Ya shiga Kwango, wadda ke hannun Beljik, da Angola, wadda ke hannun Fotugal. A Angola ya tarar ana kama mutane ana kai su gonakin Turawa, ana ce da su ƴan kwantaragi, alhali ba wanda ya tambayi yardarsu. Ka ji labarin aikin dole daga bakin tsofaffi, yadda ake ɗibar samari daga ƙauye a kai su gyaran hanya ko ɗaukar kaya. A ƙasashen da Faransa ke mulka an soke shi da doka a 1946. A Angola kuwa Dabidson ya same shi da ransa, ya tona asirinsa cikin littafin da ya fitar a 1955. Fotugal ita ma ta rufe masa ƙofa.

Yadda ɗan jarida ya zama mai tarihi

Cikin wannan yawo, duk inda ya je sai ya ji magana guda a bakin masu mulki: waɗannan mutane, kafin zuwanmu, ba su da komi. Ɗan jarida in ya ji magana, sai ya nemi shaida. Dabidson ya ce bari ya bincika. Ya tarar da shaidu iri uku.

Shaida ta farko ƙasa ce. Akwai masana masu haƙa kufai, su tono tukwane da ƙarfe da tushen gini, su auna shekarunsu. A Sudan, bakin kogin Nilu, akwai kufan birnin Merowe, da kaburburan sarakuna na dutse, da tsibin kashin tama wanda ke nuna an yi ƙira mai yawa, da wani rubutu nasu na kansu. A Nok, tsakiyar Nijeriya, masu haƙar kuza sun ci karo da kawunan mutane na yumɓu waɗanda aka gasa fiye da shekara 2000 da suka wuce. A kudancin Afirka akwai Zimbabuwe Babba, birni mai ganuwar dutse wadda tsawonta ya kai mita 10 a wasu wurare, an jera duwatsun ba tare da laka ko siminti ba. Turawan mulki sun nace cewa baƙi ba su iya irin wannan gini ba, sai dai wasu baƙin haure daga nesa. Amma masanan da suka haƙa wurin a 1905 da 1929 sun tabbatar ƴan ƙasa ne suka gina shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da ƙasar ta samu ƴanci a 1980, sunan wannan kufai ta ɗauka.

Shaida ta biyu takarda ce. Matafiya da malamai sun bar rubutu da Larabci. Daga can aka san labarin Mansa Musa, sarkin Mali, wanda ya tafi aikin haji a 1324 da zinariya mai yawa har darajarta ta faɗi a Masar. Daga can aka san tafiyar Ibn Battuta, mutumin Maroko, wanda ya biyo ta Takadda a 1353 ya ga ana narka jan ƙarfe ana ciniki da shi. Masana da yawa na ganin Takadda ita ce kufan Azelik, a yankin Ingal, cikin ƙasarmu. Malaman Tumbutu sun rubuta tarihin Songai. A Kano akwai littafin da ya jera sarakunan birnin ɗaya bayan ɗaya.

Shaida ta uku baki ne, wato abin da maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi ke riƙe da ka. Turawa da yawa sun ce wannan tatsuniya ce kawai. Amma in aka gwama shi da abin da ƙasa da takarda suka faɗi, sau da yawa sai a ga sun haɗu.

Dabidson ba shi ne ya haƙa kufan ba, ba shi ne ya fassara takardun ba. Ilimin yana nan, amma a warwatse, cikin littattafan masana waɗanda ba mai karantawa sai ƴan uwansu masana. Aikinsa shi ne ya tattara, ya auna, ya rubuta yadda kowa zai gane. A 1959 ya fitar da littafin da sunansa ke nufin an sake gano tsohuwar Afirka. Ya fito kan kari, don a 1960 ƙasashe 17 na Afirka suka samu mulkin kai, kowa na tambayar asalinsa. A 1961 ya rubuta tarihin cinikin bayi ta teku, ya nuna yadda ya raunana ƙasashen bakin gaɓa ɗaruruwan shekaru. A 1965, tare da taimakon malaman tarihi biyu, ɗan Gana da ɗan Nijeriya, ya shirya littafin tarihin Afirka ta Yamma daga shekara ta 1000 zuwa 1800, wanda ƴan lekol masu karatu da Ingilishi suka daɗe suna aiki da shi.

Cikin daji tare da Kabral

Ko da ya shiga tarihin dā, bai ajiye jakar ɗan jarida ba. Fotugal ta ƙi sakin ƙasashen da take mulka, sai yaƙi ya tashi. A Gine-Bisawo, tun 1963, mayaƙa na faɗa ƙarƙashin Amilkar Kabral. Shi Kabral malamin gona ne. Kafin yaƙi ya zaga ƙasar ƙauye-ƙauye yana ƙidayar gonaki da amfanin da suke bayarwa, don haka ya san manoma, sun san shi.

Fotugal na cewa ba wani yanki da ya kuɓuce mata, ƴan fashi ne kawai cikin kurmi. Gani ya kori ji. A 1967 Dabidson, yana da shekara fiye da 50, ya shiga ƙasar a ɓoye tare da Kabral. Ya ga jiragen sama na zuba wuta kan ƙauyuka. Ya ga kuma lekol ƙarƙashin itace, da gidan magani na daji, da kanti inda manomi ke kai shinkafa ya karɓi gishiri da yadi. Ya rubuta littafi a 1969, Kabral da kansa ya yi masa gabatarwa. A 1970 ya sake irin wannan kasada, ya shiga gabashin Angola a ƙasa tare da mayaƙa.

An kashe Kabral a Konakiri ran 20 ga watan Janairu 1973. Amma cikin watan Satumba na wannan shekara mutanensa suka yi shelar ƴanci, Fotugal ta amince a 1974. Angola ta samu nata a 1975.

Daga takarda zuwa sinima

Littafi yana da iyaka. Sai wanda ya iya karatu, ya iya harshen, yana da kuɗin saye. Kuma mai gardama yana iya cewa marubuci ya ƙara gishiri. Hoto mai motsi kuwa, ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba yana ganinsa.

Sinima iri biyu ce. Akwai ta wasa, inda ake ƙaga labari, mutane su sa tufafi su kwaikwaya. Akwai kuma wadda za mu kira sinimar shaida. A cikinta ba a kwaikwayo. Ana ɗaukar na'ura a je wurin da kansa, a ɗauki ganuwar gaske, da kasuwar gaske, da mutanen gaske suna magana da bakinsu. Aikin ɗan jarida ke nan, sai dai na'ura ta maye alƙalami.

A 1984, yana dab da shekara 70, aka nuna babban aikinsa a talabijin na Ingila. Sunansa Afirka. Kashi 8 ne, kowane kusan awa guda. An shirya shi tare da hukumar talabijin ta Nijeriya. Dabidson shi ya rubuta bayanin, shi ne kuma ke tsaye gaban na'ura, dattijo mai furfura, yana magana a hankali.

Kashi na farko sunansa na nufin daban amma daidai. A ciki ya nuna zane-zanen da mutanen dā suka bari jikin duwatsun Sahara, na shanu da namun daji, tun lokacin da hamada take da ruwa da ciyawa. Irinsu na nan cikin duwatsun Abzin. Kashi na biyu zai fi burge manomi da makiyayi. Ya zauna da makiyayan Fokot na Kenya, da mutanen Sukur na duwatsun arewacin Nijeriya masu yin gonaki hawa-hawa jikin tsauni, da Dogon na Mali. Abin da yake so a gane shi ne, sanin lokacin shuka, da sanin ciyawar da ke yi wa saniya magani, da fitar da ƙarfe daga tama, duk ilimi ne, kuma ba jirgin ruwa ya kawo shi ba. Kashi na uku ya bi ayarin zinariya da ke ƙetare hamada da teku.

Kashi na huɗu ya sauka Kano. Ya shiga Gidan Rumfa, fadar da aka kafa zamanin sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da aka ɗauki hoton, Ado Bayero ke kan gado. Mutanen Turai suka ga sarki zaune da ƴan majalisarsa, da dogarai, da hakimai suna faɗuwa gaisuwa. Abin da kai ka saba gani ran salla a Damagaram ko Maradi, ga su baƙon abu ne. Ya nuna musu cewa sarauta a ƙasar Hausa tana da tsari da ƙa'ida, kuma fadar ta girmi zuwan Turawa Kano, a 1903, da shekara wajen 400.

Sauran kashi huɗu sun bi zamanin baya-baya: zuwan masu mishan da masu bindiga, taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka tsai da ƙa'idar rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko guda a zauren ba, sa'an nan gwagwarmayar ƴanci, da wahalhalun da suka biyo bayanta. An nuna aikin a ƙasashe da dama, an kuma daɗe ana koyarwa da shi cikin jami'o'i.

Tambayar da ya bari

Tsufansa bai zo da farin ciki zalla ba. Ya ga juyin mulki, da yaƙin basasa, da shugabanni masu cin dukiyar jama'a. A Angola ma, inda ya sa rai ƙwarai, yaƙi ya ci gaba har 2002. Wasu masana sun zarge shi da cewa son da yake yi wa mayaƙan ƴanci ya rufe masa ido ga laifinsu. Zargin na da ƙamshin gaskiya, don mai ƙauna ba ya saurin ganin aibi.

A 1992 ya rubuta littafi don neman dalilin wannan ciwo. A ganinsa, da aka samu ƴanci, sai aka gaji iyakoki da tsarin mulki irin na Turai kamar yadda suke, aka yar da dabarun da kakanni ke da su na tsawata wa sarki da shawara da jama'a. Riga ce da ba a auna da jikin mai ita ba. Kai da kanka kana iya auna maganar. Layin da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1898 da 1906 ya bar Katsina can, Maradi nan, alhali gida guda ne. Wasu sun yarda da shi. Wasu sun ce iyakokin sun riga sun zauna, gyaran cikin gida ya fi. Har yau ana wannan gardama.

Ya rasu ran 9 ga watan Yuli 2010, yana da shekara 95. Ya bar littattafai fiye da 30.

Kada ka ɗauka Bature guda ne ya ba Afirka tarihinta. Tarihin yana nan tun kafin a haife shi, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shaihu Anta Jop na Senegal, da Kenet Dike na Nijeriya, da Yusufu Ki-Zarbo na Burkina Faso, duk sun yi wannan yaƙi da alƙalami. A nan gida Bubu Hama ya tara takardun dā da labarun baka masu yawa. Andire Salifu ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Jibo Hamani ya rubuta na Adar a 1975. Rabon Dabidson shi ne ya kai maganar har cikin ɗakin waɗanda suka ƙaga ƙaryar, da harshensu, ya sa suka gani da idonsu.

Shaidun nan uku kuwa, mai karatu, ba su yi nisa da kai ba. Kufan da kake wucewa in za ka gona, inda garma ke tono katangar tukunya, shi ne shaidar ƙasa. Tsohuwar takardar da malamin unguwarku ya gada cikin gafaka, ita ce shaidar rubutu. Tsohuwar da ta san sunan wanda ya fara haƙa rijiyar garinku, da shekarar da aka yi yunwa aka watse, da inda aka dawo, ita ce shaidar baki. Ta farko da ta biyu suna iya jira. Ta uku ba ta jiran kowa.